Leƙen asiri a kan ƙanƙara: Dalilin da ya sa 'Ice Station Zebra' bai tsufa ba

A shekarar 1963, lokacin da yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet yake kan ganiyarsa, wani marubuci ɗan yankin Sikotland a Birtaniya, Alistair MacLean, ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Ice Station Zebra. Tarayyar Sobiyet ta wargaje tun 1991, kuma akasarin littattafan leƙen asiri na wancan zamani sun bi ta. Wannan kuwa har yau ana sake buga shi, ana kuma kallon fim ɗin da aka yi da shi.

Labarin ya fara ne da saƙon neman agaji. Gobara ta tashi a wata tashar binciken yanayi ta Birtaniya da aka kafa a kan falalen ƙanƙara mai yawo a Tekun Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. Wasu sun mutu, sauran suna jiran ajali cikin sanyi. Guguwa ta hana jirgin sama isa wurin, jirgin ruwa kuma ba ya iya keta ƙanƙarar. Sai aka tura Dolphin, wani jirgin yaƙin Amurka mai tafiya a ƙarƙashin teku da makamashin nukiliya, ya bi ta ƙasan ƙanƙarar ya ɓullo kusa da su. A cikinsa akwai wani likita ɗan Birtaniya, Dokta Carpenter, wanda shi ne mai ba da labarin, kuma tun daga farko kwamandan jirgin bai yarda cewa aikin likita kaɗai ya kawo shi ba. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta bayyana cewa da gangan aka sa wutar don a ɓoye kisan kai, kuma abin da ake rububinsa hotuna ne na asiri da wani tauraron ɗan'adam ya ɗauka daga sama.

Babban abin da ke riƙe mai karatu shi ne yadda MacLean ya mai da sanyi abokin gaba na farko. A hunturun wannan yanki rana kan yi watanni ba ta fito ba, kuma ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili. Wanda ya cire safar hannu na ɗan lokaci yana iya rasa yatsunsa. Wanda ya ɓata hanya taku kaɗan daga masauki yana iya mutuwa ba tare da an harbe shi ba. Saboda haka kowane ƙaramin aiki, ko tafiya a ƙafa zuwa tashar, ko gyaran rediyo, ya zama batun mutuwa ko rayuwa. Jarumin da ya saba tsira da bindiga da zafin nama, a nan sai ya dogara da haƙuri da lissafi.

Abu na biyu shi ne ƙunci. Bayan an kwaso waɗanda suka tsira, sai ya zama mai kisan yana cikin jirgin tare da kowa. Sama ƙanƙara ce mai kauri, ƙasa teku ne mai zurfi, kuma jirgin ba ya iya ɓullowa sai inda ƙanƙarar ta yi sirara. Ba inda mai laifi zai gudu, ba kuma inda mai gaskiya zai ɓuya. Da wuta ta sake tashi a cikin jirgin yana ƙarƙashin ƙanƙara, hayaƙi ya cika ɗakuna, iskar shaƙa tana ƙarewa, mai karatu ya riga ya san cewa wanda ya kunna ta yana cikin masu tari da haki. Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a kan wannan zargi na juna aka gina rabin littafin na biyu. Shi kansa mai ba da labarin yana ɓoye wa mai karatu abubuwa, har sai ƙarshe.

MacLean ya san sanyin da yake rubutu a kansa. An haife shi a birnin Gilasgo a 1922, ya kuma yi aiki a rundunar sojan ruwan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, inda ya shiga rakiyar ayarin jiragen da ke kai wa Sobiyet kayan yaƙi ta Tekun Aktik. Daga wannan gogayya ya rubuta littafinsa na farko, HMS Ulysses, a 1955.

Sannan labarin yana da tushe a abubuwan da suka faru da gaske. Tun 1937 Sobiyet ta fara kafa tashoshi a kan ƙanƙara mai yawo, ƙarƙashin jagorancin Ivan Papanin. A Agustan 1958 jirgin Amurka mai suna Nautilus ya ratsa ta ƙarƙashin tsakiyar ƙuryar arewa, a Maris ɗin 1959 kuma wani jirgin, Skate, ya fasa ƙanƙara ya ɓullo a wurin. A wancan zamani taurarin leƙen asiri kan jefo fim ɗin hotuna ne a cikin ƙunshi, sai a je a ɗauko. A Afrilun 1959 ƙunshin gwaji na tauraron Amurka Discoverer 2 ya ɓace, aka yi ta nemansa a kusa da tsibirin Spitsbergen na ƙasar Norwe. A 1962 ma Amurka ta sauke mutum biyu da lema a wata tashar da Sobiyet ta bari a kan ƙanƙara, don su binciki abin da ake yi a cikinta.

A 1968 John Sturges ya mai da littafin fim, da Rock Hudson da Patrick McGoohan da Ernest Borgnine da Jim Brown. Fim ɗin ya sauya sunan jirgin zuwa Tigerfish, ya kuma ƙare da fito-na-fito tsakanin sojojin ƙasashen biyu a kan ƙanƙara, abin da babu shi a littafin. Attajirin Amurka Howard Hughes ya shahara da kallonsa a kai a kai a shekarun da ya killace kansa.

MacLean ya rasu a 1987, amma yankin da ya zaɓa ya sake zama fagen takara. Ƙanƙarar Aktik tana raguwa saboda ɗumamar yanayi, hanyoyin jiragen ruwa suna buɗewa, manyan ƙasashe kuma suna hanƙoron ma'adinan da ke ƙasa. A 2007 Rasha ta kafa tutarta a ƙarƙashin tekun, daidai tsakiyar ƙuryar arewa. Wanda ya ɗauki littafin a yau zai tarar da labarin kisan kai mai hana barci, zai kuma fahimci dalilin da ya sa ƙasashe ke zuba ido a kan wurin da ko ciyawa ba ta tsirowa.