Hanyar Klondike: Titin da Zinare Ya Haifa

A arewa maso yammacin Kanada akwai titi mai kimanin kilomita 700, daga Skagway ta jihar Alaska zuwa garin Dawson a yankin Yukon. Kusan sawun masu neman zinare yake bi.

A watan Agusta na 1896 ne George Carmack da surukinsa Skookum Jim suka tsinci zinare a rafin Bonanza da ke yankin Klondike, kusa da Dawson. Labari ya bazu, mutum kusan 100,000 suka ɗaura aniya, amma ko rabinsu ba su isa ba. Hukumomin Kanada sun tilasta wa kowa ya zo da abincin shekara guda, kayan da ya kai tan ɗaya, a tsallaka da shi duwatsu masu ƙanƙara. Galibin waɗanda suka isa kuwa sun tarar an riga an rabe filayen haƙa. 'Yan asalin wurin, ƙabilar Tr'ondëk Hwëch'in, an mayar da su ƙauyen Moosehide.

Da zinare ya ɓulla a Nome ta jihar Alaska a 1899, sai jama'a suka watse daga Dawson. A 1953 hedikwatar Yukon ta tashi daga Dawson ta koma Whitehorse. Ƙauyukan da ke kan titin irin su Carmacks da Pelly Crossing mutanensu 'yan ɗaruruwa ne yau, Dawson kuma ba ta kai mutum 2,000 ba, tana rayuwa da baƙi masu yawon buɗe ido da ƙananan masu haƙar zinare.