Mashigin Malaka: Maƙogwaron Man Ƙasar Sin

Fiye da kashi 70 cikin 100 na ɗanyen man da Sin ke amfani da shi daga waje take sayowa, kuma akasarinsa sai ya ratsa mashigin Malaka, tsakanin Malesiya da Indonesiya. Kusa da Singafo, faɗin hanyar jiragen bai kai kilomita 3 ba, tankoki maƙil da mai suna bin juna sannu a hankali. Duk wanda ya tare nan ya shaƙe masana'antun Sin, ga kuma jiragen yaƙin Amurka na kai-komo a yankin.

Fargabar Sin tana da dalili, kuma ta ɗauki matakan kare hanyar manta. Tun 2008 jiragen yaƙinta ke rakiyar na 'yan kasuwa a Tekun Aden, a 2017 kuma ta kafa sansanin soji a Jibuti. Ta kuma shimfiɗa bututun mai ta Myanmar don kauce wa mashigin, amma abin da yake ɗauka bai taka kara ya karya ba.