Yadda mai gyaran rediyo zai haɗa wa mai DJ na'urar MIDI a gida

A Sabon Birni da Isa, kamar sauran garuruwan ƙasar Gobir, mai DJ ya samu gurbi a wajen biki. Jarinsa kwamfuta da lasifika da janareta. Abin da kan gagare shi ita ce na'urar sarrafa waƙoƙi irin ta Pioneer ko Numark, domin da dala ake shigo da ita. Idan kuma ta lalace sai an kai ta Sakkwato ko Kano, a kan hanyoyin da 'yan bindiga suka addaba.

Sai dai ba na'urar ce ke yin kiɗan ba. Umarni take aika wa kwamfuta ta ƙa'idar MIDI, wadda ta fito a 1983 bisa jagorancin Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa kamfanin Roland na Japan. Idan aka murɗa wani abu a jikinta, lamba ce tsakanin 0 da 127 ke tafiya, manhaja kuma ta ƙara sauti ko ta sauya waƙa. Saboda haka duk wanda ya iya like waya da dalma zai iya haɗa irinta.

Ginshiƙin aikin ƙaramin allo ne mai suna Arduino Leonardo ko Pro Micro. Dukansu suna ɗauke da ƙwaƙwalwar ATmega32U4, wadda kwamfuta ke iya karɓa a matsayin na'urar MIDI ta wayar USB, da zarar an loda mata shirin da ke amfani da MIDIUSB. Arduino Uno, duk da ya fi yawa a kasuwa, ba ya yin haka kai tsaye, kuma nan ne masu saye kan yi asara.

Sai maɓallan dannawa da abin murɗa ƙara irin na rediyo. A nemi mai tambarin B10K, wanda ke hawa daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe. Ƙafa uku gare shi: ɗaya ta tafi 5V, ɗaya GND, ta tsakiya kuma A0. Allon yana karanta 0 zuwa 1023, sai shirin ya raba da 8. Lambar kan yi rawa ko ba a taɓa komai ba, don haka dole a umarci shirin kada ya aika saƙo sai canjin ya yi ɗan kauri.

Manhajar Mixxx kyauta ce, kuma tana da sashen da ake koya mata aikin kowane maɓalli. Da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet, abin da ke da muhimmanci ga yankin da aka taɓa katse wa layukan waya a 2021.

Inda ta gida ke gazawa shi ne faifan da ake juyawa da hannu, domin na'urori masu arha ba sa bin motsin yatsa da kyau. Mai kiɗan biki bai cika buƙatarsa ba. Wanda ba ya gujuwa shi ne ƙarin katin sauti na USB, don mai DJ ya saurari waƙa ta gaba a kunnensa kafin jama'a su ji. Akwatin kuwa kafinta zai yi shi da falanki, kuma gara a zaɓi abin murɗawa a kan na zamewa, saboda ƙurar hunturu ta tsagar na zamewan take shiga.