Girgiza Waya Don Gyara Kuskure: Amfani Da Iyakarsa Ga 'Yan Kasuwa

A shekarar 2009 ne kamfanin Apple ya shigar da wata dabara cikin wayoyin iPhone, inda mutum kan girgiza wayarsa don warware kuskuren da ya yi a rubutu. A 2019 kamfanin ya ƙara wata: jan yatsu uku zuwa hagu.

Ga ɗan kasuwar da ya goge jerin farashin kaya ba da niyya ba, wannan na hutar da shi sake rubutawa, yayin da mai saye ke jira.

Sai dai dabarar ba ta shafi kuɗi ba. Abin da aka tura wani asusu bisa kuskure, girgiza ba ta dawo da shi, sai an bi ta banki. Saboda haka a tantance lambar asusu kafin a tura.