Fatboy Slim: Makaɗin da Ke Ɗinka Kiɗa da Tsofaffin Faya-fayai

Ranar 13 ga Yuli, 2002, an shirya wani casu na kyauta a bakin tekun Brighton da ke kudancin Ingila. Mutum 60,000 aka yi tsammani, sai ga kusan 250,000, ko'ina ba masaka tsinke. Wanda ya tara su kuwa DJ ne, tsaye a gaban tebur yana juya faya-fayai.

Sunansa Norman Cook, an haife shi a Bromley a 1963. Karatu ne ya kai shi Brighton, inda ya fara sa kiɗa a gidajen rawa. A 1985 ya shiga ƙungiyar The Housemartins a garin Hull yana kaɗa jita mai kaurin amo, kuma a 1986 waƙarsu "Caravan of Love" ta zo ta ɗaya a Birtaniya. Da ƙungiyar ta watse a 1988, sai ya koma Brighton ya kafa Beats International, ita ma waƙarta ta hau wannan matsayi a 1990.

Laƙabin Fatboy Slim, wanda ya fitar da kundinsa na farko da shi a 1996, shi ya kai sunansa duniya. Sirrin aikin nasa shi ne tone-tone. Yakan tara tsofaffin faya-fayan da aka manta da su, ya yanko bugun ganga a nan, muryar mawaƙi a can, ya zuba su a na'urar Akai da tsohuwar kwamfutar Atari, ya harhaɗa kamar yadda tela ke haɗa ƙyallaye su zama riga. Haka waƙarsa "Praise You" ta samu: muryar da ke ciki ta Camille Yarbrough ce, Ba'amurkiya, daga wata waƙarta ta 1975. A farkon 1999 "Praise You" ta zo ta ɗaya a Birtaniya. Wannan salo mai nauyin ganga shi Turawa ke kira "big beat".

Bidiyon waƙarsa "Weapon of Choice", inda jarumi Christopher Walken ke taka rawa shi kaɗai a wani otal, ya ci lambar Grammy a 2002.

Shahara ta zo masa da nata sharrin, domin shan giya ya kai shi cibiyar jinyar mashaya a 2009, daga nan ya daina. Bayan haka ya cashe a bikin rufe gasar Olamfik ta Landan a 2012, sannan a 2013 ya zama DJ na farko da ya sa kiɗa a ginin majalisar dokokin Birtaniya, a wani taron tallafa wa matasa.