Daga ramin ma'adinai zuwa batirin mota: Dalilin da ya sa kamfanonin motoci ke bin diddigin hayaƙi

A Zuru, idan batirin mota ya mutu ba a jefar da shi. Masu sayen gwangwan na karɓarsa a garejin makanikai, su tara, su loda a manyan motoci zuwa Kudu, inda ake narka dalmar da ke cikinsa. Haka kuma a Libata da ke Ƙaramar Hukumar Ngaski, wadda ke shiyyar Kebbi ta Kudu tare da Zuru, ana haƙo dutsen litiyam, ma'adinin da ake haɗa batirin motoci masu amfani da lantarki da shi. Waɗannan kayayyaki biyu na iya ƙarewa a cikin motar da ake sayarwa a Jamus ko Amurka, kuma a yanzu masu ƙera motocin sun fara tambaya: daga ina kayan suka fito, wa ya haƙo su, kuma hayaƙi nawa aka fitar kafin su iso?

Yadda ake lissafin hayaƙi

Ƙa'idar da akasarin kamfanonin duniya ke bi wajen lissafa iskar da ke ɗumama yanayi ta raba hayaƙin kamfani gida uku. Kashi na farko shi ne wanda ke fita kai tsaye daga masana'antarsa da motocinsa. Na biyu shi ne na wutar lantarkin da yake saye. Na uku kuwa ya haɗa duk abin da ya faru a wajen katangarsa: haƙar ma'adinai, narka ƙarfe, jigilar kaya, har da man da motar za ta ƙona a hannun wanda ya saye ta.

Ga mai ƙera mota, wannan kashi na uku ya haura kashi 90 cikin 100 na jimillar hayaƙinsa. Tan ɗaya na ƙarfe kaɗai na fitar da kusan tan 2 na iskar kabon kafin ya bar masana'anta. Ita kuwa motar lantarki, tun da ba ta ƙona fetur, babban rabon hayaƙinta ya koma kan batirinta da ma'adinan da aka haɗa shi da su. Ke nan kamfani ba zai iya faɗin gaskiyar hayaƙinsa ba sai ya samu alƙaluma daga masu kawo masa kaya, su ma daga nasu masu kawo kayan, har a kai ga bakin rami.

Domin sauƙaƙa wannan musaya, a shekarar 2021 manyan kamfanonin Jamus irin su BMW da Mercedes-Benz da Volkswagen da Bosch suka haɗu a wani dandalin bayanai mai suna Catena-X. Kowane kamfani yana lissafa hayaƙin kayan da ya ƙera bisa ma'auni ɗaya, ya miƙa wa wanda ke saye a hannunsa, ba tare da ya tona sirrin cinikinsa ga kowa ba. Burin shi ne a daina dogaro da ƙiyasi, a koma ga alƙaluman ainihi.

Dokokin da ke matsa lamba

A shekarar 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar batir wadda ta tanadi cewa daga watan Fabrairun 2027 duk batirin motar lantarki da za a sayar a ƙasashenta sai ya zo da abin da ake kira fasfon batir, wato bayanan da ake buɗewa ta lambar QR da ke jikinsa. Dokar ta kuma ɗora wa manyan kamfanoni alhakin bincika asalin litiyam da kobalt da nikel da girafait, don tabbatar da cewa ba a haƙo su ta hanyar bautar da yara ko lalata muhalli ba. Akwai kuma harajin kabon na kan iyaka, wanda aka fara gwajinsa a watan Oktoban 2023, ya shiga cikakken aiki a Janairun 2026, kuma ya shafi ƙarfe da alminiyam da siminti da takin zamani.

Najeriya ma ta shiga sahu. Tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Sauyin Yanayi a watan Nuwamban 2021, bayan ya yi alƙawari a taron Glasgow cewa ƙasar za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take shafewa nan da 2060. Hukumar Kula da Rahotannin Kuɗi ta Ƙasa, wato FRC, ta fitar da jadawali a 2024 wanda ya bar wa kamfanoni zaɓin fitar da rahoton ɗorewa zuwa 2027, sannan ya wajabta shi kan manyan kamfanoni daga 2028, ƙanana da matsakaita kuma daga 2030.

Inda abin ya shafi Kebbi ta Kudu

Mafi yawan litiyam ɗin Najeriya na tafiya China ne, inda ake tace shi a haɗa batir, kuma wani kaso na batiran yana komawa kasuwar Turai. Duk lokacin da mai saye a Turai ya nemi shaida, tambayar za ta gangaro daga masana'anta zuwa mai fitar da kaya, daga nan zuwa dillalin da ke awo a ƙauye. Dutsen da ba shi da lasisi, ba shi da rasit, ba a san ramin da ya fito ba, ko dai a ƙi shi ko a saye shi da arha.

An riga an ga alamar hakan. A Disamban 2024 kamfanin dillancin labarai na AP ya ba da rahoton yara da ke aiki a ramukan litiyam a Jihar Nasarawa. A Nuwamban 2025 kuma jaridar New York Times ta bayyana yadda masana'antun narka tsofaffin batira a Ogijo da ke Jihar Ogun ke watsa gubar dalma ga mazauna garin, alhali dalmar na shiga batiran motocin Amurka. Hukumomi sun rufe wasu daga cikin masana'antun, wani babban kamfanin batir na Amurka kuma ya sanar da daina sayen dalma daga Najeriya. Idan irin waɗannan masana'antu suka tsaya, mai tara batira a Zuru shi ma kasuwarsa ta taɓu.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga illar dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtan Masarautar Zuru, sakamakon niƙa dutsen zinare a cikin gidaje. Bin diddigin kaya zai iya zama kariya daga maimaituwar irin wannan masifa.

Nauyin da ke tattare da shi

Tsarin yana da nasa cikas. Auna hayaƙi da biyan masu tantancewa na cin kuɗi, kuma ƙaramin ɗan kasuwa ba shi da ƙarfin babban kamfani. Ko a Turai ma koke ya yi yawa, har ta kai hukumomin Tarayyar suka sassauta wasu sharuɗɗan rahoto a 2025, suka ɗage wa'adin binciken asalin ma'adinan batir zuwa Agustan 2027. Akwai kuma fargabar cewa manyan masu saye za su guje wa masu haƙar gargajiya baki ɗaya maimakon su taimaka masu su gyara.

Abin da ke hannun ɗan kasuwa a yanzu shi ne rubutu: daga wa ya sayi kaya, a wace rana, nauyi nawa, da wace mota aka ɗauka, lita nawa na dizal aka ƙona. Masu haƙa kuma su shiga ƙungiyoyin haɗin gwiwa masu rajista da Ma'aikatar Ma'adinai ta Tarayya, su nisanta yara daga ramuka. Masu tara batira su daina fasa su suna zubar da ruwan a ƙasa, su kai wa masana'antun da hukumar NESREA ta amince da su. A ɓangaren ma'aikatan gwamnati, rajistar ramuka da takardun haraji da rahoton duba muhalli su ne shaidar da mai saye na ƙetare zai nema, kuma idan ba a adana su ba babu wanda zai iya ƙirƙiro su daga baya. Jami'ar Tarayya ta Aikin Gona da ke Zuru, wadda aka kafa a 2020, na iya taka rawa wajen gwajin ƙasa da ruwa a kewayen wuraren haƙa. Wa'adin 2027 bai da nisa, kuma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.