Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira a kan Dabarun Isar da Magani Cikin Jini: Yadda Lamarin Ya Shafi Arewa Maso Yammacin Jigawa

Tsakure

Maƙalar ta yi bayani a kan kariyar da doka ke bai wa dabarun da ke sa jiki ya tsotsi magani sosai. Ta dubi magungunan zazzaɓin cizon sauro da ƙanjamau da sankarar jini da hawan jini, ta kuma auna dokar Nijeriya ta 1970 da abin da kotunan Indiya da Amurka suka yanke.

1.0 Gabatarwa

A asibitocin Kazaure da Ɓaɓura, da ƙananan cibiyoyin lafiya irin na Achilafiya da Roni da Gwiwa, maganin da aka fi bayarwa idan zazzaɓin cizon sauro ya kama mutum shi ne haɗin artemether da lumefantrine, wanda Nijeriya ta mayar da shi maganin farko a 2005. Babban mutum yana shan ƙwaya 24, sau shida cikin kwana uku. Umarnin da ke tare da shi ya ce a sha da madara ko bayan cin abinci mai maiƙo. Jama'a da yawa sun ɗauka don kada maganin ya wahalar da ciki ne, alhali dalilin ya wuce haka. Lumefantrine ba ya narkewa a ruwa. Gwajin da aka yi a kan mutane masu lafiya ya nuna cewa abin da ke shiga jini yana iya ninkawa har sau 16 idan an sha shi da abinci mai maiƙo. Wani bincike na 2007 kuma ya gano cewa maiƙon da bai wuce giram 1.2 ba ya wadatar, wato 'yan makurwoyin madara. Sai dai yaron da zazzaɓi ya kwantar yakan ƙi abinci, yakan yi amai, don haka lokacin da ya fi buƙatar maganin shi ne lokacin da jikinsa ya fi kasa karɓar sa.

Wannan matsala ta haifar da wani reshe na kimiyyar harhaɗa magunguna, reshen kuma ya haifar da muhawarar shari'a: idan sinadarin tsoho ne, amma an gano hanyar da zai fi shiga jini, shin mai wannan dabara ya cancanci a hana kowa yin irinta tsawon shekara 20?

2.0 Tsakanin baki da jini

Ƙwayar da aka haɗiye sai ta tarwatse, sinadarinta ya narke a ruwan hanji, ya ratsa bangon hanjin, ya bi ta hanta, kafin abin da ya rage ya zagaya jiki. A kowane zango ana asara. Ana ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin 100 na magungunan da ke kasuwa ba sa narkewa sosai a ruwa, kuma abin ya fi haka yawa a cikin sababbin da ake bincike a kai.

Masu harhaɗawa suna da hanyoyi da dama. Akan niƙa sinadarin ya yi laushi ƙwarai don ruwa ya fi samun sa, kamar yadda garin kanwa ke riga dunƙulenta narkewa. Akan haɗa shi da wani sinadari ya zama abin da masana ke kira gishirinsa, akan kuma narkar da shi a mai a ɗure a kafso. Hanyar da ta fi jawo ƙara a kotu ita ce sauya tsarin da ƙwayoyin sinadarin ke jeruwa a kai. Sinadari guda yana iya daskarewa ta fasali biyu ko fiye, ɗaya mai saurin narkewa, ɗaya mai taurin kai. Masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wani ɓangare na wannan batu, shi ya sa ba sa ba da magani ba tare da faɗin mahaɗinsa ba, ko nono ko man shanu ko kunu. Bambancin kawai shi ne mahaɗin zamani ana rubuta shi a takarda, a kai ofishin gwamnati, a mallake shi.

3.0 Ƙwayar da ba ta buƙatar firji

Misalin da ya fi nuna cewa irin wannan dabara tana iya zama ƙirƙira ta gaske shi ne na ritonavir, maganin ƙanjamau na kamfanin Abbott da aka amince da shi a Amurka a 1996. A 1998 sai wani sabon fasali na sinadarin ya ɓulla a masana'antar, wanda ba ya narkewa kamar na farko, har dole ta sa aka janye kafson daga kasuwa, aka koma wani mai laushi da sai an ajiye shi a firji. A 2000 kamfanin ya fito da Kaletra, haɗin lopinavir da ɗan ritonavir kaɗan. Aikin ritonavir a nan shi ne ya danne wani sinadarin hanta da hanji da ke lalata lopinavir kafin ya yi amfani, wato shi kansa dabara ce ta ƙara yawan abin da ke zama a jini. Amma Kaletra na farko kafso shida ne a rana, da abinci, kuma ajiyarsa sai a sanyi. A waje da firji ba a so zafin ya wuce digiri 25.

Duk wanda ya san Ɓaɓura a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 ga ƙarancin wutar lantarki, ya san wannan sharaɗi daidai yake da a ce maganin ba na mutanen wurin ba ne. A watan Oktoba na 2005 aka amince da sabon samfuri, wanda aka yi ta hanyar narkar da sinadaran a cikin wani abu mai kama da ƙaro, a matso su da zafi, su daskare ba tare da sun koma fasalin nan mai taurin kai ba. Sakamakon: ƙwaya 4 a rana, ko da abinci ko babu, kuma ba ruwanta da firji. Da wuya mai adalci ya ce wannan kwaskwarima ce kawai.

Rigimar ta taso ne a kan samuwa da farashi. A watan Maris na 2006 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda a lokacin take kula da masu ƙanjamau a Legas, ta fito fili ta nemi kamfanin ya sayar mata da sabon samfurin, domin a lokacin Amurka ta samu, ƙasashe masu zafi ba su samu ba. Daga baya aka kawo shi Afirka da sunan Aluvia a kan dala 500 ga mutum ɗaya a shekara. A watan Janairu na 2007 ƙasar Tailan ta ba da lasisin dole don a samar da kwatankwacinsa mai araha, Abbott kuma ya mayar da martani da janye takardun neman rajistar sababbin magungunansa bakwai a ƙasar. A ƙarshen 2010 ofishin rajistar ƙirƙira na Indiya ya ƙi bai wa kamfanin haƙƙin mallakar wannan ƙwaya. Sai a watan Disamba na 2015, shekara goma bayan fitowarta, AbbVie, wanda ya ɓalle daga Abbott a 2013, ya ba da lasisin da ya buɗe wa sauran kamfanoni ƙofar yi wa ɗaukacin Afirka, ta hannun cibiyar Medicines Patent Pool da ke Jeniba.

4.0 Hukuncin Indiya

Ɗaya ɓangaren muhawarar ya fito sarari a shari'ar Glivec, maganin wani nau'in sankarar jini na kamfanin Novartis. An san sinadarin, imatinib, tun farkon shekarun 1990, lokacin da Indiya ba ta ba da haƙƙin mallaka a kan magunguna. A 1998 kamfanin ya nemi rajistar wani fasali na gishirin sinadarin, daga baya kuma ya ce ya fi shiga jini da kusan kashi 30 cikin 100. A 2005 majalisar Indiya ta gyara sashe na 3(d) na dokarta, ta ce sabon fasalin tsohon sinadari ba ƙirƙira ba ne sai in ya ƙara inganci. An ƙi buƙatar Novartis a 2006, aka yi ta ɗaukaka ƙara, har ranar 1 ga Afrilu, 2013 da Kotun Ƙoli ta tabbatar da ƙin.

Hujjar kotun ta cancanci a tsaya a kanta. Ba ta ce ƙarin shiga jini ba shi da amfani ba. Abin da ta ce shi ne ingancin magani yana nufin ingancin warkarwa, kuma wanda ya yi iƙirarin cewa ƙarin shiga jini ya ƙara waraka sai ya kawo shaidar bincike. A lokacin ana sayar da Glivec sama da dala 2,000 a wata, kwatankwacinsa na kamfanonin Indiya kuma ƙasa da dala 200. Novartis ya ce mafi yawan masu shan nasa a Indiya kyauta suke samu, kuma hukuncin zai kashe gwiwar masu bincike. Maganar tana da nauyinta, domin gwajin magani yana cin dukiya mai yawa. Duk da haka ma'aunin kotun ya fi kusa da hankali, saboda ya mayar da tambayar kan majinyaci. Hukuncin ya shafi kantunan magani na Kazaure kai tsaye, ganin cewa kaso mai yawa na abin da ke kan kantocinsu daga Indiya ya fito.

5.0 Dokar Nijeriya

Dokar da ke aiki a Nijeriya ita ce ta Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970. Ta shar'anta cewa abin ya zama sabo, ya ƙunshi basirar ƙirƙira, kuma a iya yin sa a masana'anta. Ta kuma yarda a yi wa gyaran da aka yi wa wata ƙirƙira rajista idan ya cika waɗannan sharuɗɗa. Wa'adin shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Inda gizo ke saƙar shi ne sashe na 4: magatakarda yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske, kuma ana ba da shaidar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Wanda ke ganin an ba da ita ba bisa ƙa'ida ba, sai ya je Babbar Kotun Tarayya ya nemi a soke. Ƙaramin kamfani na Kano ko Legas da wuya ya ɗauki wannan ɗawainiya da kamfanin da ya fi shi lauyoyi. Dokar kuma ba ta da wani abu mai kama da sashe na 3(d).

Shekarar 2007 ta nuna abin da wannan ke haifarwa. A Legas, Babbar Kotun Tarayya ta bai wa Pfizer gaskiya a ƙarar da ya kai kamfanin Tyonex a kan shigo da kwatankwacin maganin hawan jini na amlodipine. Rajistar da ake jayayya a kanta ta wani gishirin sinadarin ce, wanda aka zaɓa saboda narkewarsa da jure ajiya. A watan Maris na wannan shekarar, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar Pfizer da Apotex, ta soke iƙirarin kamfanin a kan wannan gishiri, bisa dalilin cewa duk gwanin harhaɗa magani zai iya kai wa gare shi. Abin da aka rusa a ƙasar kamfanin ya tsaya da ƙafarsa a Nijeriya.

Akwai kuma batun iyaka. Ɓaɓura tana maƙwabtaka da Jamhuriyar Nijar, amma matsayin ƙasashen biyu a dokar cinikayya ta duniya ya bambanta. Nijar tana cikin ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba, waɗanda aka ɗage musu wajabcin kare haƙƙin mallakar magunguna har zuwa 1 ga Janairu, 2033, kuma rajistarta tana bi ta ƙungiyar OAPI da ke Yawunde. Nijeriya ba ta cikin wannan rukuni, don haka yarjejeniyar TRIPS ta 1995 ta hau kanta gaba ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne sassaucin da Sanarwar Doha ta Nuwamba 2001 ta jaddada, cewa kowace ƙasa tana da ikon ba da lasisin dole da fayyace dalilansa. Jadawalin farko na dokar 1970 ma ya tanadi wannan, bayan shekara 4 da shigar da takarda ko 3 da ba da shaida, ya kuma bai wa minista ikon yarje amfani da ƙirƙira, har da magunguna, don maslahar jama'a.

Batun zai sake tasowa nan kusa, kuma a kan lumefantrine. A watan Nuwamba na 2025 Novartis da cibiyar Medicines for Malaria Venture sun sanar da nasarar gwajin mataki na uku na wani sabon haɗi, ganaplacide da lumefantrine da aka sake wa tsari don ya fi narkewa, wanda ake sha sau ɗaya a rana tsawon kwana uku. Sinadari ɗaya sabo ne, ɗaya kuma tsoho ne a sabuwar riga. Idan takardun neman mallakar irin wannan haɗi suka isa Abuja, magatakarda ba shi da hurumin tambayar wanne ne wanne, muddin sashe na 4 yana nan yadda aka rubuta shi a 1970.